Sankarar mata: Wa zai riƙe hannun matasan da ke son nemo mana magani?

Duk mai hawa Facebook ko TikTok ya saba da irin wannan sanarwar: hoton wata baiwar Allah a kan gadon asibiti, a ƙasa an rubuta ana neman taimako, ga lambar asusu. Mu yaɗa, mu yi addu'a, mai hali ya tura dubu ɗaya ko biyu. Bayan 'yan makonni sai a sake ɗora hoton, wannan karon da sanarwar rasuwa. Sau da yawa idan ka bi diddigi sai ka ji an ce ciwon daji ne, kuma na mahaifa.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 mata kusan 660,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a duniya, kusan 350,000 kuma suka rasu. Kimanin kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasun suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne, irin namu. A Najeriya ita ce ta biyu a cikin sankarorin da suka fi kama mata, bayan sankarar mama, kuma a 2020 an ƙiyasta mata 12,000 sun kamu, 8,000 sun rasu. Wannan fa bakin mahaifa ne kawai, ba a sa ta cikin mahaifa da ta ƙwan mace ba.

Muna yawan maganar kuɗin magani da ƙarancin na'urori, kuma gaskiya ne. Amma akwai wata magana da ba ta cika zuwa shafukanmu ba: wa ke binciko maganin tun farko? Wa ke tabbatar da cewa abin da ya yi wa matar Landan aiki zai yi wa matar Gumel ko Maraɗi? Masu bincike ne. Su kuwa ba daga sama suke faɗowa ba, raino ake yi. Inda babu mai raino, babu masu bincike.

Mene ne gwajin magani?

Kalmar "gwaji" tana tayar wa mutanenmu da hankali, don haka bari mu fara warware ta. Duk maganin da likita ya rubuta maka yau, har farasitamol, akwai mutanen da aka fara jarraba shi a kansu a ƙarƙashin doka da sa ido. A ɓangaren sankara abin yana tafiya mataki-mataki. Matakin farko mutane kaɗan ne, ana duba ko maganin ba shi da haɗari da kuma adadin da jiki zai iya ɗauka. Na biyu a duba ko yana taɓa cutar. Na uku shi ne babba: ɗaruruwa ko dubban marasa lafiya, a raba su gida biyu, wasu su karɓi maganin da aka saba, wasu su karɓi sabon, sannan a bi su shekaru ana kwatantawa. Ba likita ke zaɓar wanda zai shiga wane gida ba, kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a, don kada son rai ya shigo.

Kafin a taɓa mutum ɗaya, dole kwamitin ɗa'ar bincike ya amince. A Najeriya akwai kwamitin ƙasa, NHREC, da na asibitoci, sannan NAFDAC ta ba da izini idan magani ne. Dole a yi wa mara lafiya bayani da harshen da take ji, ta amince da kanta, kuma tana da ikon ficewa duk ranar da ta ga dama ba tare da an daina kula da ita ba.

Ka ga wannan ba aikin da mutum zai koya shi kaɗai a YouTube ba ne. Tsara tambaya, lissafin yawan mutanen da ake buƙata, rubuta takardar neman kuɗi, kare ta a gaban kwamiti, adana bayanai ba tare da kuskure ba: duk sai an zauna a gindin wanda ya taɓa yi.

Ɗalibai biyu da malaminsu

A shekarun 1970 yawancin masana sun ɗauka ƙwayar cutar hapis ce ke jawo sankarar bakin mahaifa. Wani Bajamushe mai suna Harald zur Hausen (a'a, ba ɗan uwanmu ba ne, sunan ne kawai ya zo kusa) ya dage cewa wata ƙwayar ce daban, wadda ake kira HPV. Ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Ya ci gaba da aiki da matasan da ke ƙarƙashinsa a Jami'ar Freiburg. A 1983 ɗalibinsa Matthias Dürst ya zaƙulo nau'in HPV 16, a 1984 wani ɗalibin, Michael Boshart, ya zaƙulo HPV 18. Waɗannan nau'i biyun su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya.

Abin lura a nan shi ne, a takardun biyu da suka sanar wa duniya wannan sakamako, sunan ɗaliban ne a farko, na malamin a ƙarshe. Zur Hausen ya karɓi kyautar Nobel a 2008, ɗaliban kuma suka zama farfesoshi masu zaman kansu. Daga wannan aikin aka samo hanyar yin allurar rigakafin HPV, wadda aka fara amincewa da ita a 2006.

Allura ɗaya tak, daga Kenya

Da farko allurar sau uku ake yi, daga baya ta koma biyu. A ƙasa irin tamu, nemo yarinya a karo na biyu bayan wata shida ba ƙaramin aiki ba ne, ga tsada. Sai masu bincike suka tambaya: shin ɗaya ba za ta isa ba?

An yi gwajin a Kenya, a garuruwan Thika, Nairobi da Kisumu, da 'yan mata 2,275 masu shekara 15 zuwa 20. Sunan gwajin KEN SHE. Sakamakon ya nuna allura ɗaya tana ba da kariyar kusan kashi 98 cikin 100 daga kamuwa mai ɗorewa da HPV 16 da 18. Wannan, haɗe da wani gwajin da aka yi a Mwanza ta Tanzaniya, yana cikin hujjojin da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allura ɗaya a 2022. Da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin kyauta a watan Oktoban 2023, allura ɗayar nan aka ɗauka. Wato idan an yi wa ƙanwarki a makaranta, albarkacin wancan aikin ta ci.

To su wa suka yi? A cikin jagororin akwai Nelly Mugo da Elizabeth Bukusi na cibiyar binciken lafiya ta Kenya, KEMRI, tare da Ruanne Barnabas da ke Jami'ar Washington a lokacin. Mugo da Bukusi likitocin mata ne 'yan Kenya da suka samu horon bincike a Jami'ar Washington, a cikin wata hulɗa da ta faro tun shekarun 1980, suka dawo gida suka kafa nasu ayarin. An yi shekaru da dama ana shuka kafin a girbe.

Amsar wasu, tambayar tamu

Wani zai ce, ai Turawa sun riga sun yi binciken, mu ɗauko kawai. Bari mu duba misali guda.

A 2023 aka bayyana sakamakon wani gwaji mai suna INTERLACE, wanda Dokta Mary McCormack ta jagoranta daga Landan. Mata 500 ne suka shiga daga Birtaniya, Meziko, Indiya, Italiya da Brazil, kuma shekara goma aka yi ana tara su. An gano cewa idan aka ba mace wasu tsofaffin magungunan sankara guda biyu na tsawon mako shida kafin a fara mata gashi da na'ura, haɗarin mutuwa yana raguwa da kashi 40 cikin 100. Bayan shekara biyar, kashi 80 na waɗanda suka bi sabon tsarin suna raye, a ɗaya gidan kuma kashi 72. Magungunan ba sababbi ba ne, ba su cikin masu tsadar gaske, ana samun su a nan.

Labari mai daɗi. Amma a gwajin, ana gama mako shidan ake shiga gashi, tazarar kusan kwana bakwai ce. Mu kuwa na'urorin gashin 'yan ƙalilan ne a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, ana bin layi, wata ran na'urar ta lalace, mara lafiya ta taso daga wata jiha. Idan tazarar ta zama wata biyu fa? Idan matar tana da ƙarancin jini sosai fa? Idan tana ɗauke da HIV fa, alhali masu ita sun ninka sauran mata sau shida wajen haɗarin kamuwa da wannan sankara? Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin biyar ɗin can. Waɗannan tambayoyinmu ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda zai amsa su yana nan, wata ƙila wata matashiyar likita ce a Zariya, Sakkwato ko Maiduguri da ke ganin irin waɗannan matan kullum. Abin da ta rasa shi ne wanda zai nuna mata yadda ake mayar da damuwa ta zama bincike.

Me ake nufi da raino?

Ba "Allah Ya yi albarka, ka ci gaba da ƙoƙari" ba ne kawai. Idan ka duba shirye-shiryen da suka yi nasara, abubuwa huɗu ne ke maimaituwa.

Na farko lokaci. Likitan da ya kwana a ɗakin haihuwa ya wuni a tiyata ba zai iya rubuta komai da daddare ba. Shi ya sa tallafin K43 na cibiyar Fogarty ta Amurka, wanda aka ware wa matasan malaman jami'a na ƙasashe masu tasowa, yake sayen kashi 75 cikin 100 na lokacin mutum har tsawon shekara biyar don ya yi bincike. Sharaɗinsa kuma dole ka zo da jagorori biyu, ɗaya na gida ɗaya na Amurka.

Na biyu koyarwa ta hannu da hannu. Tun 1996 manyan ƙungiyoyin masana sankara biyu na Amurka, ASCO da AACR, suke tara matasan likitoci na mako guda: ka zo da tunaninka a shafi ɗaya ko biyu, manya su yi ta tsefe shi, ka tafi da cikakken tsarin gwaji a rubuce. Indiya ta ga abin ya yi, ta kafa nata mai suna CReDO a 2015 a ƙarƙashin cibiyar Tata da ke Mumbai.

Na uku buɗe ƙofa. Babba ya ambaci sunanka a ɗakin da ba ka ciki, ya tura ka taro a madadinsa, ya sa ka a kwamiti. A Amurka ƙungiyar GOG, wadda tun 1970 take gudanar da gwaje-gwajen sankarar mata, tana da shiri na musamman da ke haɗa sababbin masu bincike da tsofaffi, a ba su kujera a kwamitocin da ake yanke shawarar wane gwaji za a yi. Ƙungiyar sankarar mata ta duniya, IGCS, ita ma tun 2017 take horar da likitoci na shekara biyu a asibitocin ƙasashensu, irin su Kenya, Uganda, Habasha da Mozambik. Kowane ɗalibi yana da malami na gida da na waje, kuma duk wata ana zama ta intanet a tattauna marasa lafiyarsa. Ba sai ya bar ƙasarsa ba.

Na huɗu adalci wajen suna. Wanda ya yi aikin, sunansa ya fito a inda ya dace. Matashin da ya yi shekara biyu yana tara bayanai, ya wayi gari ya ga sunan oga a farko nasa a tsakiya ko babu, wallahi ba zai sake ba. Haka abin yake tsakanin ƙasashe: idan namu aikin ɗibar jini ne da cike fom, nasu kuma nazari da rubutu, wannan ba raino ba ne, ƙwadago ne.

Kano ta ga biyun

Ba za a yi maganar gwajin magani a Arewa a tsallake 1996 ba. A lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano, da yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, biyar a cikin waɗanda aka ba Trovan, shida a cikin waɗanda aka ba ɗaya maganin. Iyaye sun ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta aikata laifi, aka yi shekaru ana shari'a, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tabon bai goge ba. Ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003, kuma har yau ana jin ƙamshinsa a saƙonnin WhatsApp da ke yawo game da rigakafin HPV.

Amma a Kanon dai aka yi wani gwajin da ya kamata mu riƙa ambata. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Murtala da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, sun gwada yadda za a kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki da maganin haidiroksiyuriya. Yara 220 ne suka shiga, aka wallafa sakamakon a 2022, kuma sunan farko a takardar na likitan Kano ne, Shehu Abdullahi. Kafin a kai nan an yi shekaru ana horar da likitoci, ma'aikatan jinya da masu kula da bayanai na gida. Ba sankara ba ce, amma darasin ɗaya ne: maganin tsoron da Trovan ya bari ba daina bincike ba ne, a samu namu ne da suka ƙware, suke jin harshen mara lafiya, kuma za su haɗu da danginta a masallaci ko gidan biki gobe.

A ɓangaren sankarar mata wannan ya fi ƙarfi. Magana ce ta al'aura, ta jini, ta aure. Mata da yawa kunya ke hana su zuwa asibiti sai abu ya ci ƙarfi. Wata ba za ta buɗe baki ba sai ga mace 'yar uwarta. Saboda haka rainon mata masu bincike ba kwalliya ba ce, larura ce. Ita kuwa matashiyar likita, shekarun da ake son ta gina bincike su ne dai shekarun aure da goyo. Tsarin da bai yi la'akari da wannan ba, zai rasa ta.

Ina gizo ke saƙar?

Ɗan lissafa: shekara shida a makarantar likitanci, ɗaya ta sanin makamar aiki, ɗaya ta bautar ƙasa, sannan biyar ko shida ko fiye na ƙwarewa. A ƙarshe dole ya rubuta kundin bincike kafin ya zama babban likita, galibi da kuɗin aljihunsa. Yawancin kundayen nan a kan kanta suke ƙarewa, ƙura ta rufe su, domin babu wanda ya ce masa zo mu mayar da shi takarda, zo mu nemi kuɗin mataki na gaba.

Ga kuma japa. A 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce likitoci 15,000 zuwa 16,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara biyar. Duk babban da ya tafi, ya tafi da ɗaliban da zai raina. Duk ƙaramin da ya tafi, wani asibitin a Ingila ko Saudiyya ya samu wanda muka kashe kuɗi muka koyar.

Ba wai babu komai a ƙasa ba. Akwai cibiyar binciken sankara ta ƙasa, NICRAT, wadda aka yi dokarta a 2017 ta fara aiki a 2023. Akwai asusun bincike na TETFund. Akwai ƙungiyar masu binciken sankara ta Afirka, AORTIC. A 2024 aka zaɓi Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu a matsayin shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, UICC, karon farko ga ɗan Afirka. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan da matashin da ke ƙasa: ƙananan tallafi da aka ware wa masu farawa, kwana ɗaya ko biyu a mako da asibiti zai sake shi don bincike, da kuma sanya rainon na baya a cikin ma'aunin ƙarin girman farfesa. Wanda bai yaye kowa ba, a tambaye shi dalili.

Mu kuma fa?

Kada ka ce ai ni ba likita ba ne. Gwaji ɗaya yana buƙatar ma'aikatan jinya, masu haɗa magani, 'yan ɗakin gwaje-gwaje, masana lissafi, masu kula da bayanai a kwamfuta, da masu fassara takardar amincewa zuwa Hausar da kakarka za ta gane. Mu 'yan koyon aikin jarida ma da namu: mu ne za mu bambance wa jama'a gwajin da ke da izini da na 'yan damfara, mu kuma tambayi hukumomi ina kuɗin bincike ya shiga.

Idan kina ko kana sha'awar wannan layi, ga abin da za a iya farawa da shi tun yanzu. Shafin The Global Health Network na Jami'ar Oxford yana da kwas kyauta a kan ƙa'idojin gudanar da gwaji, har da takardar shaida; data kawai zai ci. Ka nemi malamin da yake wallafa bincike a sashenku, ka karanta aikinsa ɗaya kafin ka tunkare shi. Kada ka je da "Ranka ya daɗe, a taimaka a zama ubangidana" kawai. Ka je da tambaya guda da abin da za ka iya yi, ko da shigar da bayanai ne. In ya ba ka aiki, ka gama a kan lokaci, domin manya ma suna gwada wanda za su zuba wa lokacinsu. Kuma jagora ɗaya ba ya isa: wani zai koya maka lissafi, wani rubutu, wani kuma yadda ake zama da mutane. Idan wani ya nemi mayar da raino hanyar cin zarafi ko neman abin da bai dace ba, a bar shi a kai ƙara, wannan ba jagora ba ne.

Sannan abin da kowa zai iya yi a gida: a kai yara mata rigakafi, a ƙarfafa wa iyaye da yayye su je a duba bakin mahaifa. Zubar jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ko fitar ruwa mai wari, ba abin ɓoyewa ba ne, ba kuma na jiƙe-jiƙe ba ne. A je asibiti da wuri.

A watan Nuwamban 2020 ƙasashen duniya suka ɗauki alƙawarin cewa zuwa 2030 za a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafi, a duba kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na masu cutar magani. Wanda zai auna ko mun kai, ya gano inda muka gaza, ya gwada hanyar gyarawa, yau yana aji huɗu a jami'a ko yana kwana a ɗakin haihuwa. Manyanmu farfesoshi, ku waiwayo. Da na gaba ake gane zurfin ruwa, amma sai in na gaban ya tsaya ya miƙo hannu.